Sassaƙar da ake kiwo kafin a kashe ta

A shekarar 2009, a gidan baje kolin zane na Kunsthalle da ke birnin Düsseldorf a Jamus, wani mai fasaha ɗan Amurka, Philip Ross, ya ɗaga wata 'yar rumfa mai siffar baka da tubala masu launin ƙasa-ƙasa. Tubalan nan ba na laka ba ne, ba kuma na siminti ba. Garin katako ne da funfuna ta ratsa, ta ci abin da za ta ci, ta ɗaure sauran tamau. Kafin a rufe baje kolin, sai aka riƙa ɓantarar jikin ginin ana tafasawa, ana miƙa wa 'yan kallo su sha kamar shayi. Mutum ya zo kallon gini, ya koma gida da guntunsa a ciki.

Daga wancan lokaci zuwa yau abin ya yi kasuwa. Makarantun zane da na gine-gine sun cika da ɗalibai masu noman kujeru da kawuna da ginshiƙai a cikin leda. Kusan duk inda aka baje irin wannan aiki, kirari biyu ne a jikin allon bayani: wai aikin rayayye ne, kuma wai da shara aka yi shi. Kowanne yana da ƙamshin gaskiya. Sai dai in aka bi su a tsanake, za a tarar yawancin abin da ake kira rayayye gawa ce, sannan yawancin abin da ake kira shara bai taɓa kwana a bola ba. Wannan ba ya rage wa fasahar daraja a wurina. Abin da nake gani shi ne kirarin yana rufe ainihin inda gizo ke saƙar.

Sai mun fara da halittar kanta, don daga nan ruɗanin yake tasowa. Lemar kwaɗin da ke tsirowa bayan ruwan sama ba ita ce halittar ba, 'ya'yanta ne, kamar yadda ɗan itace yake ga bishiya. Ainihin jikin yana ɓoye cikin ƙasa ko cikin ruɓaɓɓen icce. Zarurruka ne farare, sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, suna yin rassa, suna haɗewa da juna har su zama saƙa. Wannan saƙar ce masana ke kira maisiliyam. Funfuna ba tsiro ba ce. Tun 1969 masanin halittu Robert Whittaker ya ware mata gida nata na daban, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna ta fi kusa da dabbobi a dangantaka. Ba ta haɗa abinci da hasken rana. Ba ta da baki, ba ta da tumbi. Sinadaran narkarwa take zubowa waje, su narkar da abin da take kwance a kai, sannan ta tsotse. Wato a cikin abincinta take zaune. Bangon kowane zare kuwa na kaitin ne, sinadarin da ke sa ɓawon ƙwaro da na ƙaguwa tauri. To idan miliyoyin irin wannan zare suka ratsa tulin garin katako ta kowace kusurwa, suna liƙe wa kowane ɗan tsinke, sai tulin ya zama dunƙule guda, ba gam, ba ƙusa.

Ba kowace funfuna ke yin wannan aiki ba. Masu fasaha sun fi amfani da jinsunan da ke ruɓar da icce, irin su Ganoderma, wadda Ross ya yi tubalansa da ita, da Pleurotus, da Trametes. Su ne ke iya fasa lignin, sinadarin da ke sa itace ƙarfi, wanda halittu kaɗan ne a duniya ke iya narkarwa.

Yadda ake aikin bai yi kama da sassaƙa ba ko kaɗan. Babu gizago, babu guduma. Ana tara garin katako, ko yankakken kara, ko buntu, ko yagaggen kwali, a jiƙa shi daidai gwargwado, yadda in ka matsa a hannu zai dunƙule amma ruwa ba zai tsiyaya ba. Sai a turara shi da zafi don a kashe duk wata halitta da ta riga ta zauna a ciki. In ya huce, a cuɗa shi da irin funfunar, a danna a mazubi mai siffar da ake so, a rufe da leda, a bar ƙananan ƙofofin shan iska, a ajiye a wuri mai ɗumi da duhu. Daga nan kuma sai jira.

Kwana biyu ko uku ba a ganin komai. Sai wasu fararen ɗigo su bayyana a jikin mazubin, kamar an barbaɗa auduga. Ɗigon su yi ta faɗaɗa har su haɗu. In ka dafa ledar za ka ji ɗumi, don halittar tana numfashi, tana ƙona abinci kamar yadda jikinka ke yi, kuma gumi yana taruwa a cikin ledar. Warinsa na dausayi ne, irin na ƙasar da ke ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Cikin mako ɗaya zuwa uku, gwargwadon jinsi da girman abin, launin katakon ya ɓace, komai ya koma fari fat. A zare shi daga mazubi, a bar shi ya sha iska na 'yan kwanaki, sai ya yi fata mai laushi kamar ƙaramin karammiski, wadda in ka ɗiga mata ruwa zai gangara bai shiga ba. Idan kuwa aka jingina tubali biyu masu rai da juna, kafin mako ya zagayo sun haɗe sun zama ɗaya, babu alamar mahaɗi. Amma duk wannan in an yi sa'a ne. Wata safiya kana buɗewa ka ga wani ɗan tabo kore a gefe, ka san an yi ɓarna. Wata funfuna ce, Trichoderma, ta shigo ta ƙurar ɗaki ko ta hannun da ba a wanke da kyau ba, kuma ta fi taka sauri. Aikin mako uku sai zubarwa.

To a nan ne maganar rai take shigowa. Abin da aka zare daga mazubi jiƙaƙƙe ne, mai nauyi, kuma bai daina ci ba. Shi bai san an gama sassaƙa ba. In aka ƙyale shi zai ci gaba da narkar da katakon da ke riƙe da siffarsa, ya yi taushi, ya lotsa. Da ya ji haske da sabuwar iska kuma sai ya fara fitar da lemomin kwaɗi ta inda ya ga dama, ta hanci, ta ƙeya, ta ƙafar kujera. Don haka matakin ƙarshe a kusan kowane irin wannan aiki shi ne tanda. Ana gasa shi da zafin da ya kai ya kashe zaren, ruwan jikinsa ya ƙone, ya tsuke, ya koma sakayau kamar toto. Abin da ake kai wa zauren kallo ke nan. Kujerar da ɗan ƙasar Holan Eric Klarenbeek ya buga da na'urar ɗab'i mai fitar da siffa a 2013, daga garin haki da ruwa da maisiliyam, ta yi suna ne saboda lemomin da suka tsiro a jikinta. Amma busar da ita aka yi. Lemomin da ake gani a hoto sun tsaya cak a ranar da aka tsayar da su.

Masu gidajen adana kayan fasaha ba mugunta ce ta sa suke neman a kawo musu gawa ba. Duk rayuwar ma'aikacin adana kaya yaƙi ce da funfuna. Ita ke cin takarda da zane da fata da firam ɗin katako. Shi ya sa ake riƙe danshin iskar zauren a wajen kashi 50 cikin ɗari, alhali lemar kwaɗi ba ta fitowa da kyau sai danshi ya haura kashi 80. Ka ce wa irin wannan ma'aikaci ya buɗe ƙofa ga abin da zai riƙa watsa miliyoyin ƙwayoyin iri a iska, a ɗakin da ke maƙwabtaka da zanen shekara ɗari uku, tamkar ka ce wa makiyayi ya kwana da kura a garke ne. Ga kuma lafiyar mutane: ƙurar irin wasu jinsuna, musamman Pleurotus, an san tana jawo wa masu nomanta ciwon huhu idan suka daɗe suna shaƙa. Ga ƙananan ƙudaje da ke bin warin. Saboda haka wanda ya nace sai ya nuna aikinsa da rai, dole ya rufe shi cikin akwatin gilashi, da na'urar feshin danshi da matatar iska, kamar majinyaci a ɗakin kulawa ta musamman.

Wannan matsala ba ta masu funfuna kaɗai ba ce, ta duk fasahar da ake yi da halittu masu rai ce, wadda ɗan Brazil Eduardo Kac ya raɗa wa suna "bio art" a 1997. Misalin da aka fi tunawa ya faru a 2008 a gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke Niyok. Oron Catts da Ionat Zurr, masu aiki a wani ɗakin bincike na fasaha a Jami'ar Yammacin Ostireliya, sun kawo wata 'yar mitsitsiyar riga da ake nomawa daga ƙwayoyin halittar ɓera a cikin kwalba. Ƙwayoyin suka yi ta hayayyafa fiye da yadda aka zata, har suka fara toshe na'urar da ke ciyar da su. Mai kula da baje kolin, Paola Antonelli, ita ta yanke shawarar a kashe na'urar. A ranar nan ne aikin ya faɗi abin da yake son faɗa, fiye da duk makonnin da ya yi yana raye.

Ni a ganina haka abin yake ga funfuna. Mai sassaƙa dutse yana yanke dubban shawarwari, kowane sara shawara ce. Mai noman maisiliyam kuwa, bayan ya zaɓi jinsi da abinci da mazubi, babbar shawarar da ta rage masa guda ɗaya ce: yaushe zai kashe. In ya yi gaggawa, cikin bai gama haɗewa ba, abin ya marmashe. In ya yi jinkiri, halittar ta cinye siffar. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yan kwanaki, kuma kowace rana abin da za ta ba shi daban ne: yau fari sumul, jibi ya fara ja-ja-ja da tabo kamar tsohuwar fata, gata ƙahonni sun ɓullo. Ƙwarewar tana cikin sanin ranar.

Wadda ta fi burge ni wajen wasa da wannan rana ita ce Xiaojing Yan, haifaffiyar Sin mazauniyar Kanada. Takan cika mazubi mai siffar kan yarinya da ɓarɓashin katako da irin Ganoderma, wadda Sinawa ke kira lingzhi. In saƙar ta kama, sai ta zare kan, ga fuska fara mai kama da farar ƙasa. Maimakon ta nufi tanda nan take, sai ta mayar da shi ɗaki mai danshi, ta ƙyale shi. A hankali lemomi masu sheƙi, ja mai duhu, suke fasa kumatu da wuya da tsakar ka, sannan su zubo ƙurar irinsu mai launin ƙasa ta rufe fuskar. A al'adar Sinawa lingzhi alama ce ta tsawon rai, har ana danganta ta da rashin mutuwa. Ga alamar dawwama tana cin fuskar yarinya a gaban idonka. Wannan ma'ana ba ta fitowa daga tagulla, kome gwanintar maƙeri. Sai da halittar da ke ci da gaske.

Kafin duk waɗannan akwai Dieter Roth, mai fasaha haifaffen Jamus, wanda bai damu da tsabtar ɗakin bincike ba. Shi da cakulan da sukari da cuku yake aiki, ya bar su su ruɓe yadda suka so. A birnin Hamburg ya cika wani tsohon gini da irin waɗannan ayyuka, ana kiransa gidan adana funfuna. Ya rasu a 1998, aka rushe ginin a 2004. Bambancinsa da na yanzu shi ne, shi ya saki linzami gaba ɗaya, su kuwa suna riƙe da shi, suna sassautawa kaɗan-kaɗan.

Shi ya sa kalmar da masu wannan fasaha suka fi so, wai suna "haɗin gwiwa" da funfuna, ba ta kwanta mini ba. Wane irin abokin aiki ne za ka zaɓa masa abinci, ka kulle shi a mazubi, in ya gama ka sa shi a tanda? Gaskiya ne halittar tana da nata halin. Tana bin danshi, tana guje wa inda iska ba ta kai, kuma idan jinsi biyu da ba sa jituwa suka haɗu a katako ɗaya, sukan ja baƙin layi a tsakaninsu kamar iyakar gona, layin da babu hannun da zai iya zana irinsa. Amma wannan ba shawara ba ce tsakanin tsara da tsara. Sunan da ya dace da shi kiwo. Makiyayi ya san halin dabbarsa, yana tashi da dare dominta, yana iya ƙaunarta ma, kuma ya san inda za a ƙare. Babu abin kunya a ciki. Abin da ke da ɗan kunya shi ne a yi kiwo a kira shi abota.

Sai kirari na biyu, na shara.

Yin fasaha da abin da aka yar ba sabon abu ba ne. A 1942 Picasso ya haɗa sirdin keke da ƙahon keke ya fitar da kan bijimi. El Anatsui, mai fasaha ɗan Ghana, ya ɗinke dubban murafun kwalba da wayar tagulla ya mai da su manyan labule masu walƙiya. A irin waɗannan ayyuka sharar tana nan a matsayinta, kana ganin murfin, kana iya karanta rubutun jikinsa, kuma rabin daɗin kallon shi ne gane abin da yake a da. Funfuna ba haka take yi ba. Ita cinye tarihin abin take yi. Wani kamfanin zane a Landan, Blast Studio, ya tara kofunan takarda da aka sha kofi aka yar, ya markaɗa su, ya buga ginshiƙi mai kama da kututturen bishiya, maisiliyam ya ratsa shi. In ba a gaya maka ba, babu yadda za a yi ka ga kofi a jikinsa. Wannan sabon abu ne a tarihin fasahar shara, kuma yana da tsada ta wani gefen: tunda ido ba ya ganin sharar, dole mai kallo ya dogara da allon bayani. Allon kuwa yakan faɗi fiye da abin da ya faru.

Domin shara iri biyu ce a wurin funfuna: wadda take ci, da wadda take riƙewa kawai. Ta farko ita ce duk abin da ya fito daga tsiro: garin katako, karan masara, kwali, takarda, tsumman auduga, tukar kofi. Yawancin waɗannan ragowar gona ce da ta masana'anta, mai tsabta, iri ɗaya, wadda da ma tana da masu so, ko don taki, ko shimfiɗar dabbobi, ko makamashi. Sharar gari ta gaske, mai haɗe da maiƙo da fenti da batir da ragowar abinci, ba ta shiga mazubi, don a kwana biyu za ta rikiɗe ta zama kore da baƙi. Ta biyu kuwa ita ce roba, waya, gilashi, ƙarfe. Waɗannan saƙar tana naɗe su ne kamar yadda saiwar bishiya ke naɗe dutse. Suna nan ciki, ko ƙwarzane ba su yi ba.

A nan ne ake yawan jawo labarin funfuna mai cin roba. Labarin yana da tushe. A 2011 masu bincike daga Jami'ar Yale suka ba da rahoton wata funfuna daga dajin Amazon na Ekwado, Pestalotiopsis microspora, mai iya narkar da wani nau'in roba da ake kira foliyuretan. A 2017 aka samu wata, Aspergillus tubingensis, a wata bola a Islamabad, tana yin irin wannan aiki. Amma foliyuretan nau'i ɗaya ne, kuma yana cikin masu sauƙin fasawa. Ledar sayayya da gorar ruwa, waɗanda su ne suka cika duniya, da wasu nau'o'in ake yin su masu taurin kai ƙwarai. Sannan jinsunan da ke taɓa roba a kwanon gwaji ba su ne ake gina sassaƙa da su ba. Don haka idan ka ga mutum-mutumi na maisiliyam da gutsattsarin roba a jikinsa, an rubuta wai halitta tana warkar da ƙazantar ɗan Adam, ka ɗauke shi a matsayin fata da addu'a, kada ka ɗauke shi rahoto.

Har ma akwai gudun gara a faɗa gidan zago. Gorar roba ita kaɗai ana iya narkar da ita a sake wani abu. Garin katako shi kaɗai ana iya mai da shi taki. Amma in aka cakuɗa su, zare ya ɗinke su, an samu abin da ba ya takin kuma ba ya narkuwa, sai dai rami ko wuta. Haka nan tsohon katakon da aka yi wa maganin gara ko fenti mai dalma: funfuna ta shahara da tsotse ƙarafa masu guba tana tarawa a jikinta, saboda haka wanda ya zuba irin wannan aiki a lambu da sunan ya koma ƙasa, guba ya shuka.

Aikin da ya fi cika alkawarinsa, a iya sanina da fannin, shi ne hasumiyar Hy-Fi da David Benjamin da kamfaninsa The Living suka gina a farfajiyar MoMA PS1 a Niyok a 2014. Tubali kusan 10,000 ne na karan masara da maisiliyam, wanda kamfanin Ecovative ya noma, aka jera su suka haura mita 12. Ta yi bazara guda a tsaye, aka sauke ta, aka mai da tubalan taki, aka raba wa lambunan unguwa. Abin da ya sa lissafin ya fita shi ne ba a cakuɗa komai a cikin tubalin ba, kuma tun farko an san ranar rushewa. Ba a yi riyar cewa tubalan suna da rai ba, ba a kuma yi riyar za su dawwama ba.

Dawwama ɗin ma ba ta cikin halin kayan. Busasshen maisiliyam yana jure dannawa daidai gwargwado, amma in aka ja shi ko aka lanƙwasa sai ya tsage. Shi ya sa masana gine-gine Dirk Hebel da Philippe Block, da suka gina wani reshe-reshen ginshiƙi da maisiliyam da gora a Seoul a 2017, sai da suka lissafa siffar yadda kowane guntu dannuwa kawai zai yi. In ya daɗe cikin ruwa kuma yakan sha, ya kumbura, wasu funfunan su hau shi. Masu son ya daɗe sukan shafe shi da wani abu mai hana ruwa, kuma in abin shafawar na roba ne, an koma gidan jiya.

Batun iskar kabon ma yana son a rage murya. Funfuna ba ta shan kabon dayoksaid kamar tsiro, fitar da shi take yi. Kabon ɗin da ke cikin sassaƙar tsiro ne ya kamo shi tun yana gona, funfunar ta saki wani kaso tana ci, sauran kuma zai fita ranar da aka yi taki. A haɗa da wutar turarawa, da wutar tanda, da ledoji da safar hannu da mazubin roba. Idan aka kwatanta da narkar da tagulla ko zuba siminti ko kumfar roba, ratar tana da yawa, kuma wannan abin yabo ne. Amma rage ɓarna daban, gyaran duniya daban.

Kasuwa kuma tana da nata matsin. Mai sayen kayan fasaha yana son abin da zai bar wa jikoki ko ya sayar da riba. Me zai yi da kan yarinyar da ƙwari za su iya cinyewa? Mafita uku aka samu. Ko a gasa a shafe a sa a gilashi, ko a sayar da hotuna da bidiyon yadda ya girma, ko a sayar da takardar izini da bayanin yadda za a sake noma shi. Ta ukun ba baƙuwa ba ce, tunda ayabar nan da mai fasaha ɗan Italiya Maurizio Cattelan ya manna a bango an sayar da ita dala miliyan 6.2 a 2024, kuma abin da mai saye ya karɓa takarda ce da umarnin yadda zai riƙa canza ayabar. Sai dai ayaba kowa na iya saye ya manna. Maisiliyam kuwa ko da iri ɗaya da mazubi ɗaya aka yi amfani, abin da zai fito gobe ba zai zama na jiya ba. To wanne ne aikin, wanda ya ruɓe, ko wanda za a noma? Wasu kuma sun bar zauren kallo sun shiga masana'anta. Ross da kansa yana cikin waɗanda suka kafa MycoWorks a 2013, kamfanin da ya koma yin abin da ke kama da fata daga maisiliyam, har kamfanin kayan alatu na Faransa, Hermès, ya nuna jakar da aka yi da shi a 2021. Daga ginin da ake sha kamar shayi zuwa jakar masu hannu da shuni, tafiyar shekara goma sha biyu ce.

Akwai dai tsaka-tsaki tsakanin rai da tanda, kuma nan ne nake ganin fannin bai gama tonawa ba. Idan aka busar da maisiliyam da iska kawai, ba a gasa shi ba, ba lallai ya mutu ba. Yakan yi kwanta ne, kamar iri a rumbu, yana jiran danshi. Irin wannan abu kana iya ɗaukarsa, ka jingina shi a bango wata da watanni, ka rantse katako ne. A 2019 wata ɗaliba a jihar Nebraska ta Amurka ta noma kwalekwale mai tsawon sama da mita biyu a kan ƙashin katako, ta shanya shi a rana maimakon tanda, ta shiga da shi ruwa, ya kuwa ɗauke ta. Duk lokacin da aka fito da shi daga tafki aka ajiye, bayan 'yan kwanaki sai lemomi su tsiro a jikinsa.